Ɗan Riƙo da Mariƙinsa a Tarihin Damagaram

Wanda ya nemi tarihin Damagaram a bakin maroƙa ko a littattafan Turawa, sarakuna da yaƙi zai tarar: yadda zuriyar Malam ta kafu a ƙarƙashin inuwar Barno, yadda Sarki Sulaimanu ya mai da gadon sarauta Zindar, yadda Tanimu, wanda ya rasu a 1884, ya kewaye Birni da ganuwa ya sa aka ƙera igwa, har zuwa ranar Tirmini a 1899, sa'ad da Faransawa suka karya Sarki Amadu Kuran Daga. Amma a bayan ganuwar nan, cikin lungunan Birni da na Zango da ƙauyukan da ke kewaye, akwai wata al'ada wadda ba a yi mata kirari, alhali kuwa ita ce ta tsare jama'a daga watsewa a duk lokacin da yaƙi ko fari ko annoba suka ratsa ƙasa, wato riƙon ɗan wani.

Ba maraici kaɗai ke kai yaro riƙo ba, kuma wannan shi ne abin da baƙo ya fi kasa ganewa. Ɗan fari, wanda uwarsa ke jin kunyar ambaton sunansa balle ta yi wasa da shi a gaban mutane, sau da yawa ranar yaye ce ranar tashinsa daga ɗakinta. Idan ya kai wajen shekara biyu, sai kaka ta zo da sassafe, a karɓo rubutu wurin malam a ba shi ya sha, ta goya shi ta tafi da shi gidanta, ta yi ta lallashinsa da kunu da ƙosai har ya manta da nono. Wani a mai da shi bayan 'yan kwanaki, wani kuwa can zai zauna har ranar aurensa. Matar da Allah bai ba haihuwa ba takan je wurin ɗan'uwanta ta ce, "Yaya, ka ba ni yarinyar nan ta ɗebe mini kewa," shi kuwa, ko da yarinyar ce sanyin idonsa, nauyin zumunci ba zai bar shi ya ce a'a ba, sai dai ya ce, "Ai taki ce, Allah ya raya mana." Amarya ana haɗa ta da ƙanwa 'yar zaman ɗaki. Ɗan ƙauye ana kawo shi wurin baduku ko majemi, domin Zindar ta daɗe da suna a aikin fata, ya ci a akushin maigida ya kwana a zaurensa har ya iya sana'a.

Malaman fikihu ba su bar al'amarin nan a hannun al'ada kaɗai ba. A mazhabar Imamu Malik, wadda alƙalan ƙasar ke hukunci da ita, Risala ta Ibn Abi Zaidin da Muhtasar na Halilu sun jera masu haƙƙin hadana, wato renon yaro, daki-daki: uwa tukuna, sa'an nan kaka ta wajen uwa, sa'an nan 'yar'uwar uwa, kafin a waiwayi sauran dangi, namiji har ya balaga, mace har ta tare a ɗakin miji, ciyarwa da tufatarwa kuwa suna wuyan uba ko da yaron ba ya gabansa. Shari'a ta kwaɗaitar da kafalar maraya matuƙar kwaɗaitarwa, tun da Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, da kansa ya tashi a hannun kakansa Abdulmuɗɗalibi, bayansa kuma a hannun baffansa Abu Ɗalibi. Amma ta hana a sauya wa yaro nasaba, kamar yadda ya tabbata a ƙissar Zaidu ɗan Harisa cikin Suratul Ahzabi. Saboda haka ɗan riƙo yana amsa sunan mahaifinsa, gādon mahaifinsa yake ci, mariƙi kuwa in yana son ya bar masa wani abu sai ta hanyar kyauta tun yana da rai, ko wasiyya wadda ba ta wuce sulusin dukiya ba.

Abin da ya kamata a tsaya a kansa, domin shi ne ƙashin bayan al'adar, shi ne cewa ba a sakar wa mariƙiya nauyi ita kaɗai. Idan kaka ta yi, aka ɗaure gero, uban yaro yakan aiko da dami. Idan salla ta matso, kawu ya ɗinka riga. Zakkar hatsi da zakkar fid-da-kai, gidan tsohuwa mai riƙon marayu na cikin inda suke fara sauka. Ranar da manema suka zo, mariƙi ake fara durƙusa wa, shi ne zai tura su wurin waliyyi, kuma kayan ɗakin da mariƙiya ta shekara da shekaru tana tarawa, ƙwarya bisa ƙwarya, tasa bisa tasa, gudummawar dangi da ƙawaye ce ke cika su. Tare da taimakon nan kuma akwai sa ido: goggo ta kan shigo kamar gaisuwa ce ta kawo ta, alhali kan yarinya take dubawa ko an yi mata kitso, ta dubi ƙafarta ko ta yi faso, kuma matar da aka sani da riƙon sakainar kashi ba ta sake samun ɗan kowa, ga abin faɗa da za ta bar wa 'ya'yanta. Ba a ce zalunci bai auku ba. Tatsuniyoyinmu cike suke da marainiya da kishiyar uwa, kuma ba banza suka cika ba. Sai dai yaron yana da masu tambayar lafiyarsa.

Ƙasar da ta san wannan rahama ita ce kuma ta san kasuwar bayi, kuma ba daidai ba ne mai tarihi ya ambaci ɗaya ya rufe ido ga ɗaya. Bature Richardson, wanda ya sauka Zindar a 1851 zamanin Sarki Ibrahim, ya rubuta yadda ake kai hari ƙauyuka a koro mata da yara. Cikin yaran da irin wannan ƙaddara ta faɗa wa akwai Dorugu, ɗan ƙauyen Dambanas, wanda aka kama tun bai balaga ba, aka yi ta sayar da shi har Kukawa, inda Bature matafiyi Overweg ya 'yanta shi. Da Overweg ya mutu a 1852 sai ya koma hannun abokin tafiyarsa Barth, ya bi shi har Tumbutu, sa'an nan Ingila a 1855, inda ya zauna a gidan wani Bature mai suna Schön yana ba shi labarai da Hausa, waɗanda suka fito cikin littafin Magana Hausa a 1885. Ya rasu a Kano a 1912. Ya sami masu ciyar da shi a kowane zango, har da masu kyautata masa, amma babu goggon da ta taɓa shigowa ta dubi kansa, kuma wannan shi ne bambancin yaron da aka ba da amana da yaron da aka ɗauke.

Yunwar Kakalaba ta 1913 zuwa 1914 ta zo ne Zindar tana hedikwatar mulkin Faransawa a Nijar, matsayin da ta riƙe har 1926, ga haraji ana nemansa da kuɗi. Daga nan rumbu ya fara rage ƙarfi, kuɗi suka fara shiga tsakanin dangi, kuma farin 1973 da na 1984 da ƙarancin abincin 2005 kowanne ya zo ya tarar da gidaje sun fi na baya rauni. Riƙo bai mutu ba, har ma ya ƙaru, domin maza sun tafi ci-rani Najeriya da Libiya, amma damin da ke bin yaro ya daina zuwa.

A watan Oktoba na 2013 aka tsinci gawar mutum 92 a hamada kusa da iyakar Aljeriya, ƙishirwa ta kashe su bayan motocinsu sun lalace, 52 daga cikinsu yara ne, kuma da yawansu daga yankin Kance na ƙasar Damagaram suka fito. Tafiyar bara ce irin wadda mata ke yi da yara, wasu nasu, wasu kuwa na dangi da maƙwabta waɗanda aka danƙa musu da fatan za a aiko da wani abu gida. A nan lissafi ya juye sarai: a da gida ke aika wa yaro hatsi, yanzu yaro ake jira ya aiko wa gida kuɗi.

A ra'ayina, wanda ke son taimakon irin waɗannan yara, hukuma ce ko ƙungiya ko mai fid da zakka, bai kamata ya fara da ginin gidan marayu ba, domin a kowace unguwa akwai tsohuwa mai riƙon jikoki uku ko huɗu da kuɗin ƙuli-ƙuli da tallan fura, wadda mai unguwa da liman sun san ta, sun san iyayen yaran. Abin da take bukata sananne ne: tiyar gero a watannin bazara da farkon damina sa'ad da rumbu ya ƙare, kuɗin magani idan zazzaɓi ya kama yaro, kayan lakwal idan an koma karatu a watan Oktoba, da wanda zai raka ta a yi wa kowane yaro takardar haihuwa da sunan mahaifinsa.