Auduga da Wuta-Wuta: Tarihin da Ke Ƙarƙashin Gonakin Bakori

A ƙarshen damina, wanda ya ratsa gonakin Bakori yakan ga wani fure mai ruwan hoda a gindin dawa ko masara. Wannan shi ne wuta-wuta, ko ƙuduji, ciyawar da ke kama saiwar hatsi ta zuƙe ruwansa da abincinsa tun ba ta leƙo bisa ƙasa ba. Tsiro ɗaya yana zubar da dubban ƙwayoyin iri masu kama da ƙura, suna kuma iya shafe fiye da shekara goma a ƙasa suna jira. Abin da suke jira shi ne wani sinadari da saiwar shuka ke fitarwa. Sai sun ji shi suke tsira.

Tarihin wannan ciyawa a kudancin Katsina yana haɗe da na auduga. Kamfanin BCGA, wanda aka kafa a Ingila a 1902, ya kafa wuraren gurzar auduga a Funtuwa da Malumfashi, jirgin ƙasa kuma ya riƙa kwasar ta zuwa bakin teku. Shekaru da dama manomin yankin yana raba gonarsa tsakanin auduga ta kuɗi da dawa ta ci. Gonar da ta ɗauki auduga bana takan karɓi hatsi baɗi da ƙarancin wuta-wuta.

Dalilin hakan daga wata nahiya ya bayyana. A 1956 aka gano wani nau'in ciyawar a gonakin masara na jihar Karolina ta Arewa a Amurka, gwamnati ta tashi haiƙan da bincike. A 1966 masana suka tace sinadarin da ke tayar da irin, suka sa masa suna strigol. Daga saiwar auduga suka same shi. Auduga tana kiran irin ya tsira, amma ba ya iya rayuwa a jikinta, sai ya mutu cikin 'yan kwanaki. Ashe gonar auduga tarko ce.

Daga baya tsarin noman ya sauya. Shirin bunƙasa noma na Funtuwa, wanda ya fara a 1975 da rancen Bankin Duniya, ya yaɗa masara da takin zamani mai rangwame a ƙauyukan yankin. A 1986 aka rushe hukumomin sayen amfanin gona, har da ta auduga, masaƙun Kaduna da Kano kuma suka bi durƙushewa ɗaya bayan ɗaya. Manoma da yawa suka koma bin hatsi da hatsi a gona guda, ga taki ya yi tsada.

Kimiyya ta nuna illar hakan. A 2005 masu bincike a Japan suka gano cewa shuka tana fitar da wannan sinadari ne don ta jawo wani nau'in funfuna mai amfani da ke taya saiwa tsotso fosfaras, wato abin da takin sufa ke bayarwa. Idan ƙasa ta gaji, shuka takan ƙara fitar da shi, wuta-wuta kuma ya amsa kiran da ba dominsa aka yi ba. Shi ya sa ya fi addabar gonar mai ƙaramin ƙarfi.

Cibiyar binciken noma ta Samaru da IITA sun fitar da irin masara masu jure masa, suna kuma ba da shawarar sa waken suya ko gyaɗa tsakanin shekarun hatsi, domin su ma suna iya yin irin aikin auduga. Sai dai tarkon shekara ɗaya ba ya ƙarar da irin da ya taru shekara goma. Manomin Bakori yana bukatar amfanin gona mai kasuwa wanda zai riƙe gurbin da auduga ta bari, tare da cire furen da hannu kafin ya zubar da iri.