Shirun Mahaɗi: Nazari kan Tagwayen Alamomi Yayin Haɗa Tsayayyun Rumbuna

Tsakure

Wannan maƙala ta nazarci abin da mahaɗi yake yi idan ya tarar an fayyace alama ɗaya a rumbuna biyu, bisa halayyar GNU ld da lld na LLVM da link.exe na Microsoft. Nazarin ya nuna cewa ƙorafin mahaɗi da shirunsa duk daga ƙa'ida guda suke fitowa, kuma shirun ne ya fi ɓarna.

Gabatarwa

Idan kompaila ta gama da fayilolin C ko C++, takan bar fayiloli masu ƙarewa da .o, kowanne ɗauke da teburin alamominsa: sunayen da ya fayyace, da waɗanda yake nema daga waje. Mahaɗi ne ke gama mai nema da abin nemansa. Tsayayyen rumbu kuwa, wato .a a Linux ko .lib a Windows, tarin irin waɗannan fayiloli ne da aka ɗaure wuri guda, da jadawalin alamomi a gaba. Galibin masu rubuta manhaja sun ɗauka cewa da zarar alama ta zo sau biyu mahaɗi zai tsaya ya koka. Ba haka abin yake ba.

Ƙa'idar Zarowa

GNU ld yana bin layin umarni daga hagu zuwa dama, riƙe da jerin alamomin da ba a biya bukatarsu ba. In ya iso rumbu, ba ya zaro fayil sai wanda zai biya wata bukata da ke cikin jerin a wannan lokacin. Idan kuma ya zaro, fayil ɗin gaba ɗaya yake ɗauka da duk alamomin da ke ciki. Buhu yake saye, ba ya awon mudu.

A ɗauka shiri yana neman aiki mai suna aika, kuma libfarko.a da libbiyu.a duk sun fayyace shi. Mahaɗi zai zaro na rumbun farko ya share sunan daga jeri. Ko da ya iso na biyu babu sauran bukata, sai ya wuce ba ko gargaɗi. To amma a ce fayil ɗin da ke ɗauke da aika a rumbu na biyu yana ɗauke da wani aikin, jira, wanda shirin ke nema. Dole a zaro shi, aika na biyu ya shigo tare da shi, nan take haɗi ya tsaya da kuskuren fayyacewa fiye da ɗaya, wanda link.exe ke ba lamba LNK2005. Tagwayen suna nan a duka yanayin biyu. Abin da ya raba ƙorafi da shiru shi ne yadda mai rumbun ya rarraba ayyukansa cikin fayiloli, lamarin da mai amfani da rumbun bai da hannu a ciki, sau da yawa ma bai san da shi ba.

A batun jerin layin umarni ne mahaɗai suka sha bamban. lld ba ya mantawa da rumbun da ya wuce: yakan ajiye sunayen da ke cikinsa, in bukata ta taso daga baya ya koma ya zaro. Don haka idan aka jera libfarko.a, sannan main.o mai neman aika, sannan libbiyu.a, GNU ld zai ɗauki aika daga rumbu na biyu, lld kuwa daga na farko. Layin umarni ɗaya, shiri iri biyu, kuma dukansu sun haɗu lafiya. Tutar --warn-backrefs ta lld an tanade ta ne don bankaɗo komawa baya, sai dai ba ta gargaɗi a jeri irin wannan, inda rumbu na gaba ma ya fayyace alamar.

Alamomin da Aka Yi wa Rangwame

Tsarin ELF, wanda fayilolin .o na Linux ke bi, ya bambanta alama mai ƙarfi da mai rauni. In sun gamu, mai ƙarfi ce ke rinjaye. Sai dai akwai tarko: idan mai raunin ta riga ta shigo, bukata ta biya ke nan, mahaɗi ba zai shiga rumbu neman mai ƙarfi ba.

Akwai kuma tsohuwar al'adar C, inda ma'ajiyar da aka ayyana a fayiloli da dama ba tare da ba ta ƙima ba ake narkar da ita ta zama guda. GCC 10, wanda ya fito a 2020, ya mayar da -fno-common tsarinsa na asali, sai tarin tsofaffin manhajoji suka ƙi haɗuwa. A ganin mai wannan nazari sauyin ya yi daidai, domin kurakuran sun daɗe a kwance, fallasa su kawai aka yi.

C++ ya fi wuyar sha'ani. Ayyukan inline da aka rubuta a fayilolin kai ana maimaita su a kowane .o cikin rukunin COMDAT, mahaɗin ELF ya riƙe na farko ya watsar da sauran, ba tare da duba ko jikinsu ɗaya ne ba. Ƙa'idar harshen ta wajabta su zama ɗaya, amma ba ta tilasta wa kowa yin gargaɗi idan aka saɓa ba. Mahaɗin gold, wanda Ian Lance Taylor ya rubuta kuma ya shiga Binutils a 2008, yana da tutar --detect-odr-violations don wannan gurbin.

Misalin OpenSSL da BoringSSL

Google ya tsago BoringSSL daga OpenSSL a 2014, sunaye irin SSL_new suka kasance a duka biyun alhali tsarin cikinsu ya rabu. Idan wani rumbu ya dogara da wannan, wani da wancan, mahaɗi na iya zaro wasu fayiloli daga nan, wasu daga can. Sai a ƙirƙiri abu da aikin ɗaya, a karanta shi da aikin ɗayan, shirin ya faɗi a wurin da ba shi da alaƙa da asalin cutar. Shi ya sa BoringSSL ya ba da damar maƙala wa duk sunayensa ɗafa-goshi yayin gini, kamar yadda Z_PREFIX ke yi wa zlib.

Abin da Ya Kamata a Yi

Gano tushen ba wuya: nm yana nuna alamomin kowane rumbu, --trace-symbol yana faɗin fayil ɗin da alama ta fito, haɗin gwaji da --whole-archive kuwa yana tilasta zaro komai, ɓoyayyun tagwaye su fito fili. Magani shi ne a sauya suna da objcopy, ko a mayar da alamomin cikin gida na fayil ɗinsu kaɗai, ko a tsaya kan rumbu guda. Tutar --allow-multiple-definition da takwararta /FORCE:MULTIPLE kuwa bakin mahaɗi kawai suke toshewa, a ɗauki fayyacewar farko a wuce. Bai dace a bar su a tsarin ginin manhajar da za a miƙa wa jama'a ba.