Madarar Sarauniyar Zuma: Daga Amya Zuwa Hanjin Ɓera

Tun kaka da kakanni mutanen ƙasar Argungu suke rataye amya a kan itatuwa, kuma zuma tsohuwar abokiyar jinya ce a gidajenmu. Sai dai ƙwayoyin da majinyata ke nuno mini a ɗakin magani a Birnin Kebbi, masu rubutun Royal Jelly a jikin kwali, ba zuma ba ce. Wani farin ruwa ne mai kauri da ƙudan zuma ma'aikata ke fitarwa daga kawunansu, su ciyar da tsutsar da za ta zama sarauniya. Sarauniya takan yi shekaru a raye, ma'aikaciya kuwa makonni kaɗan a lokacin aiki. Daga nan kwaɗayin ɗan Adam ya taso.

A shekarun 1950 kasuwar madarar ta buɗe a Faransa. A 1957 Adolf Butenandt da Heinz Rembold na Jamus suka fayyace ƙirar sinadarinta na musamman, 10-HDA. Zancen hanji ya zo daga baya. A 2010 masu bincike a Turkiyya suka ɗura wa ɓeraye asid irin na ruwan khal ta dubura, hanjinsu ya kumbura, sannan suka ga ɓarnar ta yi sauƙi ga waɗanda aka bai wa madarar. Aiki ne mai kyau, ban raina shi ba. Amma wannan ƙuna ce da aka yi da gangan cikin yini ɗaya, alhali gyambon babban hanji, wanda Samuel Wilks ya siffanta a Landan a 1859, ciwo ne mai lafawa ya dawo shekara da shekaru. Maganinsa na farko mai inganci, sulfasalazine, a jikin majinyata Nanna Svartz ta Suwidin ta gwada shi, ta wallafa sakamakon a 1942. Madarar ba ta kai wannan matsayi ba tukuna.

Tana kuma da haɗari. A Ostareliya, cikin shekarun 1990, masu asma sun rasu bayan shan ta, har aka wajabta rubuta gargaɗi a kwalinta.

A nan kwarin Rima, musamman da damina, gudawa mai jini galibi atini ce daga gurɓataccen ruwa. Wanda ya gan ta ya kai bahayansa a auna, domin maganin amiba daban, na bakteriya daban, kuma kuɗinsu bai kai na kwalba ɗaya ta madarar ba.