Tarihin Hanyar Bristol da Bath: Daga Layin Dogo Zuwa Hanyar Keke

Hanyar da ta haɗa birnin Bristol da birnin Bath, a kudu maso yammacin Ingila, tsohon layin dogo ne da aka mayar hanyar keke da ta masu tafiya a ƙasa. Tsawonta ya kai kimanin mil 13, wato kilomita 21, kuma an hana mota da babur bin ta. An gina ta ne tsakanin 1979 da 1986, kuma kashin farko na aikin 'yan sa kai ne suka yi shi da hannuwansu. Daga wannan aikin gayya ne aka samo tushen hanyoyin keke da suka ratsa Birtaniya baki ɗaya a yau.

Asalin layin na kamfanin jiragen ƙasa na Midland ne. A 1869 kamfanin ya buɗe reshe daga Mangotsfield, wani gari a gefen Bristol, zuwa Bath, ya haɗa shi da babban layinsa da ke tafiya daga Bristol zuwa Gloucester. Reshen ya bi ta Warmley da Bitton, ya sauka kwarin kogin Avon, ya tsallake kogin sau da dama kafin ya isa tashar Bath, wadda daga baya aka raɗa wa suna Green Park. Kusan shekara ɗari jiragen fasinja da na kaya suna kai da kawo a kansa. Ta nan ne shahararren jirgin Pines Express yake bi, yana ɗauke da masu zuwa hutu daga Manchester zuwa Bournemouth a bakin teku, har zuwa 1962 da aka sauya masa hanya.

Bayan Yaƙin Duniya na Biyu motoci suka yawaita, manyan motocin kaya suka ƙwace wa jirgin ƙasa ciniki, hukumar jiragen ƙasa ta Birtaniya ta dinga tafka asara. A 1963 shugaban hukumar, Dokta Richard Beeching, ya fitar da rahoton da ya ba da shawarar a rufe kimanin mil 5,000 na layin dogo da tashoshi fiye da 2,300. Reshen Bath na cikin waɗanda abin ya shafa. A watan Maris na 1966 aka daina ɗaukar fasinja a kansa, sai jiragen kwal kawai suka ci gaba da zuwa masana'antar iskar gas ta Bath har zuwa 1971. Daga nan aka kwashe ƙarafunan layin, aka bar wurin kango. Ƙaya da ciyayi suka rufe shi, wasu wuraren suka zama juji.

A 1977 wasu mazauna Bristol suka kafa ƙungiya mai suna Cyclebag. Abin da ya haɗa su shi ne damuwa da yadda mota ta mamaye titunan birnin, har mai keke ya zama kullum ransa na hannun Allah, ga kuma darasin tsadar man fetur ta 1973 da bai gushe daga zukatan mutane ba. Cikin jagororinsu akwai John Grimshaw, injiniyan gine-gine. Da farko kira suke yi ga hukuma ta sama wa masu keke hanya, da suka ga kiran ba ya haifar da ɗa mai ido, sai suka yanke shawarar su gina da kansu su nuna cewa abin mai yiwuwa ne.

Tsohon layin dogo ya dace da wannan buri ƙwarai. Jirgin ƙasa ba ya iya hawan tudu mai tsini, saboda haka injiniyoyin ƙarni na 19 sun riga sun yanke tuddai, sun cike kwaruruka, sun kafa gadoji, sun haƙa magudanan ruwa. Hanyar shimfiɗaɗɗiya ce, hawanta da gangararta a hankali suke, yadda yaro ko tsoho zai tuƙa keke bai gaji ba. Tsakuwar da aka zuba ƙarƙashin layin tana nan a matsayin harsashi. Babban abin da ya rage shi ne a share wurin a yi masa daɓe mai santsi.

Ƙungiyar ta samu izinin amfani da filin tare da goyon bayan majalisar gundumar Avon, sannan a 1979 aka fara aiki a kan kimanin mil biyar tsakanin Bath da Bitton. Kuɗin da ke hannunsu kaɗan ne, don haka ƙarfin jiki ya maye gurbin kuɗi. Ranakun ƙarshen mako mutane kan fito da shebur da manjagara da baro. Wasu su sare ƙayar da ta rufe hanya, wasu su baje tsohuwar tsakuwa, wasu su bi baya suna zuba garin farin dutse, a daddanne shi har ya kama ya yi ƙarfi. Wanda ya zo da safe ya tarar da daji, da yamma sai ya koma gida a kan kekensa ta wurin da hannunsa ya gyara. Da aka gama wannan kashi, jama'a suka yi ta tururuwa a kansa, kuma wannan ya zama hujjar da ta fi kowace takardar koke ƙarfi a wurin hukuma.

Sauran aikin ya fi wuya, domin ɓangaren Bristol ya ratsa unguwanni masu cunkoso kamar Easton da Fishponds da Staple Hill. A shekarun 1980 rashin aikin yi ya yi tsanani a Birtaniya, gwamnati ta fito da shirye-shiryen ba marasa aiki aikin wucin gadi, kuma an ci moriyar waɗannan ma'aikata tare da 'yan sa kai wajen ƙarasa hanyar. A 1986 aka haɗe ta daga wannan birni zuwa wancan. Daga baya aka shimfiɗa kwalta a maimakon garin dutse, saboda yawan masu bi da kuma ruwan sama da ke cin daɓen.

Wanda ya bi hanyar a yau zai ga sawun jirgin ƙasa ko'ina. A Staple Hill hanyar tana shiga wani dogon rami da aka haƙa a ƙarƙashin gari, tsawonsa ya kusa rabin kilomita. An sa masa fitilu, cikinsa da sanyi ko da lokacin zafi ne, ruwa na ɗiga daga rufinsa, ƙarar ƙararrawar keke kuma tana amsa kuwwa daga wannan baki zuwa wancan. A Mangotsfield bangayen tsohuwar tasha da dakalan da fasinja ke jiran jirgi suna nan tsaye babu rufi, itatuwa sun tsiro a tsakaninsu, matafiya kan zauna a wurin su huta. A Warmley an mayar da ɗakin jiran jirgi wurin shan shayi. A Bitton kuwa wata ƙungiyar 'yan sa kai ta dabam ta sake shimfiɗa 'yan mil na layin dogo, tana tafiyar da tsofaffin jirage masu aiki da tururi a ƙarƙashin sunan Avon Valley Railway. A nan jirgi da keke suna tafiya kafaɗa da kafaɗa, shinge ne kawai a tsakaninsu. An kuma kakkafa ayyukan sassaƙa da kujerun zama a wurare da dama a gefen hanyar.

Nasarar wannan aiki ta wuce Bristol. Cyclebag ta rikiɗe ta zama Sustrans, ƙungiyar agaji da ta ci gaba da mayar da tsofaffin layukan dogo da gefen magudanan jiragen ruwa hanyoyin keke a sassan ƙasar. A 1995 ta samu tallafin fam miliyan 42.5 daga asusun cacar ƙasa domin kafa tsarin hanyoyin keke na Birtaniya, wanda ya kai dubban mil. Hanyar Bristol da Bath ta zama wani yanki na hanya mai lamba 4 a cikin tsarin, wadda ta taso daga Landan ta nufi yammacin Wales.

Hanyar ta fuskanci barazana a 2008, lokacin da aka fito da shirin ɗora hanyar motocin bas masu sauri a kan ɓangarenta na Bristol. Mazauna unguwannin da abin ya shafa suka tashi tsaye, suka tara sa hannun dubban mutane, suka yi gangami a kan hanyar kanta, har aka jingine shirin. Hujjarsu ita ce wurin ya riga ya zama na jama'a: ma'aikata na bi ta nan zuwa aiki, yara na bi zuwa makaranta, masu keken guragu da iyaye masu tura jarirai na samun inda za su yi tafiya ba fargabar mota.

Kulawa da hanyar aiki ne da ba ya ƙarewa. Majalisun ƙananan hukumomin da ta ratsa su ke ɗaukar manyan gyare-gyare irin na kwalta da gadoji da fitilu, amma ƙananan ayyukan yau da kullum yawanci 'yan sa kai ne ke yin su: tsintar shara, datse rassan da suka sunkuyo, share ganyen da ke sa santsi a lokacin kaka, gyara allunan nuna hanya, da kai rahoton duk inda ya lalace. Matsalar da ta fi fitowa a 'yan shekarun nan ita ce cunkoso a ɓangaren Bristol da safe da yamma, inda masu gudu a keke da masu tafiya a ƙasa ke gogayya a kan ƙunƙuntar hanya. Wannan ya sa aka faɗaɗa wasu wurare, aka gyara mashigai da mahaɗai bayan an ji ra'ayin mazauna unguwannin.

Irin wannan himma ta sake bayyana a Bath, inda wasu mazauna birnin suka yi shekaru suna fafutukar a buɗe tsohon layin Somerset da Dorset, wanda shi ma daga tashar Green Park yake tashi. A 2013 aka buɗe shi a matsayin hanyar keke da ƙafa mai ratsa ramuka biyu, babban cikinsu, na Combe Down, tsawonsa ya ɗara mil guda.