Aikin kare yara da taimakon iyali: mene ne shi, ina ake koyon sa, kuma me ya sa Kelle ke buƙatar ƴaƴanta a ciki

Duk shekara in sakamakon brebe da bak ya fito, tambayar da iyaye ke yi ɗaya ce: yaron nan, ko yarinyar nan, wane karatu za a sa su? Galibi amsa ba ta wuce uku: malanta, aikin likita, ko aikin kaki. To akwai na huɗu da ba a cika ambata ba, alhali ƙauyukanmu na da buƙatar sa ƙwarai. Shi ne aikin jin daɗin jama'a, wanda a lakkol ake kiran mai yin sa asistan sosiyal. Ga bayani dalla-dalla.

Wane ne asistan sosiyal?

Ba alƙali ba ne, ba jandarma ba ne, kuma ba mai rabon kayan agaji ba ne, ko da yake yana aiki da su duka. Ma'aikaci ne da aka horar don ya saurari iyali ko yaron da ya shiga matsala, ya bincika tushenta, ya rubuta rahoto, ya haɗa su da wurin da za a taimake su, sannan ya riƙa komawa yana duba su har al'amari ya daidaita. Kayan aikinsa kunne ne, da haƙuri, da littafin rubutu, da rufin asiri. Abin da ya ji a cikin gida ba ya kai shi kasuwa.

Nijar ta amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin yara tun 1990. A wannan yarjejeniya, duk wanda bai kai shekara 18 ba yaro ne. Ma'aikacin nan na cikin masu sauko da abin da ke kan takarda zuwa ƙofar gida.

Matsalolin da ke zuwa hannunsa

Na farko, takardar haihuwa. Dokar 2019 ta ba iyaye kwana 60 su sanar da haihuwa, kuma sanarwar kyauta ce. In wa'adin ya wuce, sai an bi ta hannun alƙali. A rugage da zangon makiyaya da ƙauyukan da ke nesa da likita, da yawa ana haihuwa a gida, a yi suna, a watse, ba wanda ya je ofishin magajin gari. Sai ranar da yaro zai rubuta jarrabawa a ce ina takarda. Ma'aikacin jin daɗin jama'a na taimakawa a tattara sunayen irin waɗannan yara, domin in alƙali ya fito zagayen ƙauyuka a yi musu takardu a taro guda.

Na biyu, auren wuri da cire ƴan mata daga lakkol. Babban binciken lafiya na ƙasa na 2012 ya nuna kashi 76 cikin ɗari na ƴan matan Nijar ana yi musu aure kafin su cika 18, kashi 28 kuma kafin su cika 15. A watan Disamba na 2017 gwamnati ta fitar da doka ta kariya da tallafi ga yarinya mai karatu. Amma doka ba ta shiga zaure ta zauna da uba. Mutum ne ke zama, ya ji dalilin uban, ko talauci ne, ko tsoron abin kunya, ko rashin gidan da yarinya za ta sauka kusa da kolej, sannan a nemi mafita tare da liman da mai gari.

Na uku, tafiyar mata da yara bara zuwa Aljeriya. Jihar Damagaram ba za ta manta da watan Oktoba na 2013 ba, lokacin da aka tsinci gawar mutum 92 a hamada arewa da Arlit, ƙishirwa ta kashe su bayan motocinsu sun lalace. Cikinsu 52 yara ne, 33 mata, kuma galibinsu daga yankin Kance suka fito. Tun ƙarshen 2014 ake maido da ƴan Nijar daga Aljeriya a jerin motoci ta Agadas. Cikin masu dawowa akwai yaran da ba sa tare da iyayensu. Ma'aikatan jin daɗin jama'a ne ke karɓar su, su gano ƙauyensu, su miƙa su ga dangi, su kuma bi sawu kada a sake ɗora su kan hanya.

Na huɗu, yaron da ya faɗa hannun hukuma. Tun 1999 Nijar ta kafa alƙalan yara, aka sabunta dokar a 2014. Yaron da bai kai shekara 13 ba, doka ba ta ɗora masa hukuncin laifi. Matakin kariya da tarbiyya ake ɗaukar masa. Kafin alƙali ya yanke shawara yakan nemi rahoton halin gidan da yaron ya fito, kuma asistan sosiyal ne ke rubuta shi. Rahoto ɗaya na gaskiya na iya raba yaro da gidan kaso ya mai da shi wurin koyon sana'a.

Sai kuma marayu, almajiran da suka rabu da malaminsu, yara masu naƙasa, da uwar da aka kwantar da ɗanta saboda tamowa ba ta da na abinci. A babban asibitin Damagaram akwai sashen jin daɗin jama'a domin marasa ƙarfi.

Tsanin aikin, daga ƙauye zuwa Yamai

A sama akwai ofishin ministan da ke kula da kare yara, wanda sunansa kan canza in an yi garambawul. Yana da daraktoci a jiha da kuma gunduma. Mu namu na Gure ne, na jiha kuma a Damagaram. Akwai cibiyoyin kula da yara da a da aka sani da SEJUP, yanzu ake kiran su CEPPP. Kotu da ƴan sanda da jandarma su ma suna da nasu hannu a ciki.

Amma matakin da ya fi kusa da mu shi ne na ƙasa. A watan Yuli na 2019 gwamnati ta kafa kwamitocin kare yara a kowane mataki, tun daga ƙasa baki ɗaya har zuwa ƙauye da ruga. A kwamitin ƙauye mutanen gari ne ke zama: mai gari, malamin addini, wakilan mata da matasa, malamin makaranta. Ƙaramar matsala a nan ake kashe ta. Babba, kamar fyaɗe ko duka mai rauni, ba a sasanta ta a zaure. Dole a kai ta gaba.

Me ya sa sai ɗan gida?

Kelle ba gari mai harshe ɗaya ba ne. A duwatsun Kutus da kewayensu akwai Barebari Dagra, da Hausawa, da Fulani, da Buzaye, da Tubawa, wasu manoma wasu makiyaya masu bin ruwa da ciyawa. Yarinyar da aka cuta ba za ta faɗi abin da ya same ta da Faransanci ba, kuma da wuya ta faɗa ta bakin tafinta. Ma'aikacin da bai san bulama ko ardo ba, bai san lokacin da ruga ke tashi ba, zai sha wahalar samun ko da wurin zama. Haka kuma wanda bai san al'adar riƙo ba, yana iya ɗaukar yaron da ke hannun gwaggonsa a matsayin wanda aka yasar, ko kuma ya kasa gane riƙon da ya koma bauta. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Wasu ƙasashe sun koyi wannan darasi da tsada. A Kanada da Ostireliya, hukuma ta yi shekaru tana ƙwace ƴaƴan ƴan asalin ƙasa daga iyayensu da sunan taimako, tana kai su makarantun kwana ko gidajen baƙi, har suka rasa harshensu da danginsu. A 2008 gwamnatocin ƙasashen biyu suka fito suka nemi gafara. A 2019 Kanada ta yi doka da ta ba al'ummomin ƴan asali ikon tafiyar da aikin kula da yaransu da kansu. Mu a nan ƙa'idar aikin ita ce yaro ya zauna cikin danginsa matuƙar babu haɗari. In ya zama dole a ɗauke shi, sai a kai shi gidan riƙo na ɗan lokaci da sanin alƙali.

Ina ake karatun?

Babbar hanya ita ce makarantar koyon aikin lafiya ta ƙasa, ENSP, wadda ke Yamai da kuma Damagaram. Ta Damagaram manyanmu sun san ta da tsohon sunanta ENICAS, inda aka horar da ma'aikatan jinya da mataimakan asistan sosiyal. Ana shiga ta hanyar konkur, kuma mai bak karatun shekara 3 ne a gabansa, haɗe da sitaj a likita da ofisoshi. Sassan da ake ɗauka kan bambanta daga shekara zuwa shekara, don haka a bi sanarwar kowace shekara.

Hanya ta biyu jami'a ce, kamar jami'ar Abdu Mumuni ta Yamai, inda ake karanta ilimin zamantakewar al'umma ko shari'a. Akwai kuma makarantu masu zaman kansu. Kafin a biya ko dala, a tabbatar gwamnati ta amince da diplom ɗinsu.

Bayan karatu, da yawa kan fara da sabis sibik na shekara 2, sannan su nemi aikin gwamnati ko na ƙungiyoyi masu aiki tare da UNICEF ko OIM. A wurin ɗaukar aiki, iya Barbarci, Fulatanci ko Buzanci ƙari ne babba. Kada matashi ya ji kunyar rubuta shi a takardar nemansa.

Gaskiyar da ya kamata a sani

Aikin ba na neman arziki ba ne. Akwai doguwar tafiya kan babur cikin rairayi, akwai kwantiragin ƙungiya da ke ƙarewa in kuɗin aiki sun ƙare. Wata rana wanda ake ƙara ɗan'uwanka ne ko mai faɗa a ji, a zo maka da maganar zumunci a ce ka rufe. Wannan ita ce jarrabawar ɗan gida: sanin mutane ya buɗe maka ƙofa, amma kada ya ɗaure maka baki. Ana buƙatar mata sosai, domin akwai ɗakin da namiji ba ya shiga da maganar da ba a yi masa.

Ƴan'uwa da ke Libiya, Aljeriya, Kano, Maiduguri ko Saudiyya: in kuna aiko kuɗin karatun ƙani ko ƙanwa, ku sa wannan fanni cikin shawara. Ku kuma tambayi gida, yaranku da kuka bari suna da takardar haihuwa? Na gida kuwa, in kun ga yaro cikin wani hali, ku fara da mai gari ko kwamitin ƙauye, ko ku je ofishin magajin garin Kelle a nuna muku hanyar ofishin kare yara na Gure. Ɗa na kowa ne. Allah ya raya mana zuri'a, ya shirya mana su.