BABI NA BIYU: TARIHIN HATIMIN ZINARIYA DA AZURFA A ƘASAR INGILA

2.0 Gabatarwa

A wannan babi za a duba yadda hukuma a ƙasar Ingila ta shiga tsakanin maƙeran fari da masu sayen kayansu, tun daga ƙarni na 13. An zaɓi Ingila ne saboda dokarta tana cikin mafiya daɗewa a kan wannan sana'a. Matsalar da dokar ta zo magancewa ita ce, tsantsar zinariya tana da laushi, dole sai an gauraya ta da azurfa ko jan ƙarfe kafin ta yi ƙwarin da za a ƙera zobe ko sarƙa. To, ido ba ya iya gane yawan abin da aka gauraya. Mai saye yana biyan kuɗin abin da ba shi da ikon tantancewa, maƙeri kaɗai ya san gaskiyar abin da ya narka. Ma'aunin da ake amfani da shi shi ne karat, wato an kasa zinariya kashi 24, saboda haka karat 18 na nufin kashi 18 zinariya ce, sauran 6 gauraye ne.

2.1 Dokokin Farko

A shekarar 1238 Sarki Henry na III ya ba da umarni a zaɓi maƙera shida a birnin Landan su riƙa sa ido a kan 'yan'uwansu. Amma dokar da ake ɗauka a matsayin tushe ita ce ta Sarki Edward na I ta shekarar 1300. Dokar ta ce kada a ƙera kayan azurfa da bai kai ingancin sulallan ƙasar ba, wato kashi 925 cikin 1000, kuma kada zinariya ta gaza ma'aunin birnin Faris, wanda ya ɗara karat 19 kaɗan. An ɗora wa shugabannin maƙera su riƙa bi shago shago suna gwada kaya, wanda ya cika sharaɗi a buga masa tambarin kan damisa. A farko kayan azurfa ne ake buga wa wannan tambari.

Abin lura a nan shi ne sarki bai naɗa ma'aikatansa su yi aikin ba, ya bar shi a hannun masu sana'ar. A 1327 Sarki Edward na III ya ba ƙungiyar maƙeran Landan takardar izini wadda ta ƙarfafa ikonta, a 1363 kuma aka tilasta wa kowane maƙeri ya mallaki nasa tambarin, domin idan aka kama algus a san wanda za a tuhuma. Sai dai tsarin yana da rauni a fili, domin mai gwajin maƙeri ne, wanda ake gwadawa kuma maƙwabcinsa ne ko abokin cinikinsa.

2.2 Gyaran 1478

Wannan rauni ne aka nufa da gyaran da ya fara aiki a 1478. An mayar da ma'aunin zinariya karat 18, sannan aka ce idan aka sami tambarin damisa a jikin kaya maras inganci, ƙungiyar ce za ta biya tara. Da ƙungiyar ta ga laifin mutum ɗaya zai iya cin dukiyar kowa, sai ta daina bin shaguna, ta ɗauki ma'aikaci mai albashi, Christopher Elyot, ta zaunar da shi a zaurenta, ta ce kowa ya kawo kayansa can. Daga sunan wannan zaure ne kalmar da Turawan Ingila suke kiran hatimin da ita ta samo asali. An kuma ƙara harafi guda wanda ake sauyawa kowace shekara. Ba don a san shekarun kaya aka ƙirƙiro harafin ba, kamar yadda masu tara tsofaffin kaya suke amfani da shi a yau, an yi shi ne domin a gane mai gwajin da ya buga hatimi idan ƙorafi ya taso.

Gwajin kansa iri biyu ne. Akwai na dutse, inda ake goga kaya a jikin baƙin dutse a kwatanta launin zanen da na zinariyar da aka san ingancinta. Akwai kuma na wuta, wanda ya fi tabbas: a kankare ɗan kaɗan daga jikin kayan, a auna, a naɗe shi cikin darma, a sa a wani ɗan kasko na tokar ƙashi cikin wuta mai tsanani. Kaskon zai tsotse darmar tare da ƙarafan banza, abin da ya rage a raba shi da azurfa, a sake aunawa.

A 1544 aka ƙara tambarin zaki mai tafiya. Wannan ya zo daidai da lokacin da Sarki Henry na VIII ya fara rage azurfar da ke cikin kuɗin ƙasar, ke nan hukumar da take hana maƙeri algus ita ce take yin sa a cikin sulallanta. A zamanin Sarauniya Elizabeth ta I aka ɗaga ma'aunin zinariya zuwa karat 22.

2.3 Haraji da Hukunci

Ba kowane lokaci ne kare mai saye yake gaban hukuma ba. A 1697 an ɗaga ma'aunin azurfa zuwa kashi 958, ba don a kyautata wa masu saye ba, sai don a hana maƙera narka kuɗin ƙasa su ƙera kwanoni. A 1720 aka maido da tsohon ma'auni, amma aka ɗora harajin sisi a kan kowane oza na azurfa. Nan take wasu maƙera suka samo dabara: su kai ƙaramin abu a buga masa hatimi su biya ɗan haraji, su yanke wurin hatimin su liƙa shi a gindin babban buta. Wanda ya sayi butar yana ganin hatimin gaske a jikin ƙarfen da ba a taɓa gwadawa ba. Wato harajin da aka rataya wa hatimi shi ya ba maƙera dalilin ɓata hatimin.

A 1757 aka mayar da ƙirƙirar hatimin jabu laifin da hukuncinsa kisa ne, a 1773 aka sassauta zuwa korar mutum ƙasashen ƙetare na shekara 14. An sake ɗora haraji a 1784 tare da tambarin kan sarki a matsayin shaidar biya, ba a janye shi ba sai 1890.

2.4 Rikicin Birmingham da Landan

Matthew Boulton, mai masana'anta a Birmingham, ya gaji da aika kayansa garin Chester, tafiyar mil 70 da wani abu, inda suke daɗewa, su dawo a lanƙwashe, wani lokaci ma a kwaikwayi zanensa. Ya haɗa kai da maƙeran Sheffield suka kai kuka majalisa. Maƙeran Landan suka yi tsaye a kan cewa mutanen waɗannan garuruwa ba abin amincewa ba ne. Kwamitin majalisa ya sa aka sayo kayan azurfa masu hatimin Landan daga shaguna aka gwada, sai aka tarar kusan dukansu ba su kai ma'auni ba. A 1773 aka ba garuruwan biyu ofisoshinsu, Birmingham da tambarin anga, Sheffield da kambin sarauta. Wannan bincike ya nuna cewa daɗewar ƙungiya ba ta isa zama hujjar amana ba, ita ma tana bukatar mai duba ta.

Daga nan ma'aunin zinariya ya riƙa sassautowa saboda bukatar kasuwa. An halatta karat 18 tare da 22 a 1798, sai 15 da 12 da 9 a 1854, a 1932 kuma karat 14 ya maye gurbin 15 da 12. Karat 9 bai kai rabi zinariya ba, kashi 375 ne cikin 1000. Abin da dokar ta koma yi shi ne tilasta faɗin gaskiyar abin da ke cikin kaya, ba hana sayar da mai araha ba, kuma wannan ya fi dacewa da talakan da ba zai iya sayen karat 22 ba. Zoben aure ya shiga cikin kayan da dole a buga wa hatimi a 1855.

2.5 Dokar 1973

Kafin tsakiyar ƙarni na 20 dokokin sun yi yawa har sun sarƙe, ofisoshi da dama kuma sun rufe, kamar na Chester a 1962 da na Glasgow a 1964. Dokar 1973, wadda ta fara aiki a 1975, ta share tsofaffin ta haɗa su wuri guda. Ta mayar da shi laifi ɗan kasuwa ya kira abu zinariya ko azurfa alhali ba shi da hatimi, ta shigo da ƙarfen filatinam, ta kafa majalisar da ke sa ido a kan ofisoshi huɗu da suka rage, wato Landan da Birmingham da Sheffield da Edinburgh. Ta kuma wajabta wa mai shago ya kafa sanarwar da ke bayyana ma'anar hatimai inda mai saye zai gani. Hukuncin hatimin jabu yana iya kaiwa ɗaurin shekara 10. Daga 1999 harafin shekara ya zama na ganin dama, abin da ya wajaba uku ne: alamar wanda ya kawo kaya, lambar inganci, da tambarin ofishi.

Lambobin nan, irin 750 na karat 18 da 916 na karat 22, su ne dai ake dubawa a maƙullin sarƙa a kasuwannin gwal na Kano da sauran garuruwa. Amma lamba ita kaɗai maƙeri ma yana iya buga ta. Abin da ya ba hatimin Ingila ƙarfi shi ne tambarin ofishin da ba shi da riba a cikin cinikin.

Dokar tana da iyaka. Kayan zinariya da bai kai giram 1 ba, da na azurfa da bai kai giram 7.78 ba, ba dole ba ne a buga musu hatimi. Sulallan zinariya da sanduna, waɗanda masu ajiyar dukiya suka fi saye, ba sa cikinta. Hatimin ba ya cewa komai game da farashi, ko ramin da aka haƙo zinariyar. Haka nan wanda ya sayi sarƙa ta intanet daga ɗan kasuwar da ke wata ƙasa, kayan kan iso hannunsa ta gidan waya ba tare da sun bi ta ko ɗaya daga ofisoshin huɗu ba.