Leƙen Asiri a Masaƙa

"Asiri" baƙuwa ce da ta zama 'yar gida. Daga Larabci ta zo, daga "sirr", tushe ɗaya da "sirri". Hausawa suka faɗaɗa ta har ta ɗauki tsafi da mutunci, shi ya sa ake roƙon Allah Ya rufa asiri. "Leƙe" kuwa namu ne, na mai ɗaga kai ta saman katanga. Da aka haɗa su, sai aka sami sunan sana'a.

Yau da an ji kalmar, sai hankali ya tafi kan DSS ko CIA, alhali masu masana'antu ma sun daɗe a harkar. A Greensboro ta Amurka, ma'aikatan masaƙar Proximity sun shiga ƙungiyar ƙwadago a 1900. Mai masaƙar, Ceasar Cone, ya rufe ta har ƙungiyar ta watse.

Rufe masaƙa ba shi ne kawai makamin masu masana'antu ba. Daga 1936, kwamitin Sanata La Follette ya tona yadda kamfanoni ke hayar 'yan leƙen asiri daga irin su Pinkerton. 'Yan leƙen asirin kan shiga ƙungiya, wasu har su zama shugabanninta, suna kai sunayen abokan aiki ofis.